Sa'o'in da Malam Ubale Ya Ɓoye

Na daɗe a aikin nan har ranakunsa sun haɗe mini, ba na iya raba wannan da waccan. Amma akwai wata Talata da aka tura ni wani ƙaramin asibiti a unguwar Treichville, nan Abijan, in duba cinyar wani dattijo, ita kam har yau ba ta bar raina ba. Tunda kun ce in ba ku labari guda kafin in yi ritaya, shi zan ba ku, musamman ku da kuka shigo aikin kwanan nan.

Bari in fara da bayanin aikin, saboda akwai baƙi a cikinmu. Sashenmu shi ke lura da tururin nukiliya, wanda a ofis muke ce wa rayon. Ba a ganinsa, ba shi da wari, kuma lokacin da yake ratsa mutum ba ya jin komai. Sai daga baya jiki ya nuna. Duk ma'aikacin da ke hulɗa da shi, kamar masu ɗaukar hoton ƙashi a asibiti da masu duba waldar bututu a tashar jiragen ruwa, ana maƙala masa ɗan bajo a ƙirji. Ƙarshen wata a tattaro bajojin a kawo mini, in wanke fim ɗin da ke ciki, in karanta yawan tururin da kowa ya sha. Wannan adadin shi ne doz, kuma idan haɗari aka yi, da ma'aunin da ake kira gire muke faɗarsa. A lokacin ni babbar teknisiya ce. Sama da ni akwai shugaban sashe, Musiye Aka. Ƙasa da ni babu kowa.

A tsakiyar shekarun casa'in an tura ni Turai kwas na wata shida, kan yadda ake ƙiyasta doz idan an yi haɗarin da ake kira kiritisite. A masana'antar da ake sarrafa yuraniyom akwai iyakar da ba a yarda a tara shi wuri guda ya wuce ta ba. In aka yi kuskure aka wuce, sai ya kunna kansa, a ga walƙiya shuɗiya, kafin mutum ya juya ya riga ya sha abin da zai iya kashe shi. Sau da yawa bajo ba ya iya ɗaukar adadin, ko kuma mutumin bai sa ba. To a nan aka koya mana mu mai da jikin mutumin ya zama bajon. Irin tururin da ke fita a wannan haɗari, nutron, yana barin alama a gishirin da ke cikin jini, da farar wutar da ke cikin gashi da farce, har da zoben hannu da ƙarfen bel. Sai a ɗebi jini, a yanki gashi, a karɓi zobe, a auna, a yi lissafi, a miƙa wa likita lamba. Da wannan lambar yake sanin wanda zai sallama, da wanda zai kwantar, da wanda sai dai a rage masa raɗaɗi.

Na dawo da akwati cike da littattafai, zuwa ƙasar da ba ta da irin wannan masana'anta ko ɗaya. Na jera su a kanta, na koma wankin fim. Ɗakin aikina ba shi da taga, don fim ba ya son haske. Da rana in aika a sayo mini garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, in ci a kan teburin nan ni kaɗai. A gida ma kusan haka ne. A Treichville aka haife ni, amma bayan rasuwar mahaifina, mahaifiyata ta bi yayyena zuwa Najeriya, aurena kuma bai yi ƙarko ba. Mutanen unguwa suna ce mini Rabi mai hoton ƙashi, ni kuma na daina gyara musu.

Wajen shekara huɗu da dawowata, cikin damina, wani kamfanin duba walda ya zo ofis da rahoto: ƙwayarsu ta ɓata. Ƙwayar wani ɗan ƙarfe ne mai fitar da tururin, bai kai gyaɗa ba, an maƙala shi a bakin wata gajeriyar igiyar ƙarfe mai tsawon taki guda. A cikin akwati mai kauri take zama, sai za a ɗauki hoton bututu ake turo ta waje. Ta tsinke ta faɗi ba su lura ba, aka share ta cikin tarkacen ƙarafa. Musiye Aka ya rubuta wa asibitoci cewa duk wanda ya ga ƙuna ba tare da wuta ko ruwan zafi ba, ya kira mu. Ranar Talatar nan wani likita mai suna Dakta Yao ya kira.

Na tarar an kai mara lafiyar ɗakin ƙarshe. Kwanon abincinsa yana ƙasa a bakin ƙofa, don masu jinya sun ji ƙishin-ƙishin, kowa yana tsoron shiga. Na kunna mitar auna tururi na zagaya ɗakin, na bi jikinsa daga kai zuwa ƙafa. Shiru. Na fito na gaya musu cewa wanda irin wannan tururin ya ratsa ba ya shafa wa kowa, kamar yadda wanda rana ta ƙona ba ya ƙona na kusa da shi. Suka gyaɗa kai, amma ba wanda ya ɗauki kwanon. Ni na ɗauka na shigar.

Dattijo ne mai kimanin shekara sittin, siriri, gemunsa fari, da tasbaha a hannu. A takardarsa an rubuta Ubale, ɗan kasuwa, Faransancinsa kaɗan ne. Na ajiye kwanon na ce, "Salamu alaikum. Baba, ya jiki?"

Ya dube ni ya amsa. "'Yar nan, ke Bahaushiya ce?"

Na ce e.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Tun jiya nake magana, ba wanda ya gane abin da nake faɗa."

Ciwon yana gefen cinyarsa ta dama, faɗinsa kamar tafin hannu, gefe-gefe ja da ƙuraje masu ruwa, tsakiya kuma fari kamar toka. Ban taɓa ganin irinsa ba sai a hoto. Ya ce yana da shagon tsofaffin kayan inji a kasuwar Black Market, a unguwar Adjamé. Litinin ɗin makon jiya ya sayi tarin ƙarafa, yana tsincewa ya ga wata 'yar igiya mai ƙyalli, ya ce wannan za ta yi kyau da makulli, ya jefa ta aljihun rigarsa. Na tambaye shi inda take yanzu. Ya ce tana cikin durowar teburinsa a shago.

Da yammacin nan muka tafi, ni da Musiye Aka da ma'aikatan kamfanin da 'yan sanda. Muka bar mota a Roxy, bakin kasuwar, muka shiga da ƙafa. Shagon shi ne na ƙarshen layi, bayansa katanga. Tun kafin mu isa mita ta fara ƙara. Aka janye mutane, wani daga cikin ma'aikatan ya sa dogon awartaki ya ɗauko ƙwayar ya jefa cikin tukunyar dalma, ƙarar ta mutu. Ni kuma na ɗauko awo na auna nisan durowa zuwa bencin da yake zama a waje, da nisanta zuwa shagunan maƙwabta. A cikin shagon na ga tabarma a naɗe, da buta, da jaka rataye a ƙusa. Na ɗauka kayan sallah ne, ban ko rubuta ba.

Nan aikina ya fara, kuma nan na ga cewa rabin abin da na karanto ba zai yi mini amfani ba. Wannan ƙwayar ba ta fitar da nutron. Tururinta ba ya barin alama a gashi ko a zobe. Abu uku kawai nake da su. Na farko ƙarfin ƙwayar, wannan yana cikin takardar kamfanin. Na biyu nisanta da jikinsa, wannan ana iya aunawa. Na uku tsawon lokacin da ya yi kusa da ita, wannan kuwa babu inda yake sai a bakinsa.

Ranar Laraba na zauna gefen gadonsa da littafi. Ba ya ɗaura agogo, don haka muka bi sallolin yini.

"Baba, kafin azahar ka tsince ta ko bayan azahar?"

"Bayan azahar. Na idar ke nan na koma kan kayan."

"Da ita a aljihu ka yi la'asar?"

"Da ita."

"Yaushe ka cire rigar?"

Ya ce, "Da magariba, da na koma gida. Mai ɗakina ta karɓa ta rataye. Washegari na zo da abin shago na sa a durowa."

Ya ce gidansa yana unguwar Bracodi. Ya ce safiyar Talata ya yi amai, ya ɗauka zazzaɓin sauro ne, ya sha magani. Sauran kwanakin yana zaune a bencin waje, sai yamma ya rufe ya tafi gida. Na koma ofis na yi lissafi. Cinyar ta sha mugun adadi, wannan ba shakka. Amma jiki gaba ɗaya, abin da na samu bai kai gire ɗaya ba. Mai irin wannan lambar yakan galabaita, amma ɓargonsa yana farfaɗowa da kansa. Ana iya wanke masa ciwo a sallame shi, ya riƙa dawowa.

Da na kai wa Dakta Yao, sai ya miƙo mini takardun gwajin jini guda biyu. Fararen ƙwayoyin jinin, waɗanda ke kare jiki daga cuta, sun yi ƙasa sosai, kuma daga Litinin zuwa Laraba sun ƙara sauka. Ya ce, "Madam, lambarki da takardata ba mutum ɗaya suke nufi ba."

Abin da ya ƙara ɗaure kai, Malam Ubale ya ji sauƙi. Aman ya tsaya, yana cin abinci, yana roƙon a bar shi ya koma shago. Ku riƙe wannan, don shi ne tarkon. Wanda ya sha tururi mai yawa yakan yi amai na kwana ɗaya ko biyu, sannan ya miƙe garau har mako biyu ko uku, alhali ɓargon da ke yin jini ya riga ya tsaya. In aka sallame shi a wannan tsakanin, ranar da jinin zai ƙare yana can cikin kasuwa, ƙaramar mura sai ta kashe shi.

Musiye Aka yana son rahoto ranar Juma'a, don daga sama ana matsa masa. Ya ce, "Madam Rabi, mu ba 'yan sanda ba ne. Abin da mutumin ya faɗa, shi za ki rubuta."

Na ce, "Patron, a ba ni zuwa Juma'ar."

Sau uku na sake lissafin, ina neman inda na yi kuskure. A ƙa'ida wani ne ya kamata ya duba mini, amma a duk ginin ba wanda ya san wannan lissafi sai ni. Na tura wa malamina na Turai takardun ta faks, na zauna kusa da na'urar har aka tashi daga aiki. Ba amsa.

Ƙa'idar aiki ta ce duk wanda ya kusanci ƙwayar sai an ɗebi jininsa. Maƙwabtansa na kasuwa an duba su, ba su sha abin damuwa ba. Saura matarsa, wadda a faɗarsa ta kwana ɗaki ɗaya da rigar. Da na ce zan je, sai ya ce ba ta son baƙi. Na ce dole ne, don lafiyarta. Ya kwatanta mini gidan yana kallon bango.

Safiyar Alhamis na hau gbaka, ƙaramar motar haya, zuwa Adjamé, na sauka na taka zuwa Bracodi da mita a jaka da kwalaben ɗibar jini. Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna a kewaye. Na tarar da wata tsohuwa Bajula, mai gidan, tana wanki. Na gaishe ta, na ce matar Malam Ubale nake nema.

Ta cire hannu daga ruwan ta dube ni. Ta ce, "Baraka? Yako, sannu, 'yata. Ba ki ji ba? Damina biyu ke nan da muka binne ta."

Ta ce bayan rasuwar ya riƙe ɗakin 'yan watanni, sannan ya rarraba kayan matar, ya kawo makulli. 'Yarsu ɗaya tana aure a Najeriya. Na tambaye ta inda ya koma. Ta ce ba ta sani ba, bai faɗa ba, ita kuma ba ta tambaya ba. "Amma duk Juma'a yana zuwa ya gaishe ni, da rigarsa mai guga."

Na tsaya a tsakar gidan riƙe da kwalabe ba komai a ciki, sai tabarmar nan da butar suka faɗo mini a rai.

Bayan la'asar na shiga ɗakinsa, na rufe ƙofa, na jawo kujera. Ban buɗe littafi ba.

Na ce, "Baba, na je Bracodi. Allah Ya jiƙan Inna Baraka, Ya sa ta huta."

Tasbahar ta tsaya a hannunsa. Can ya ce amin, a hankali.

Na ce, "Ban zo don in kunyata ka ba. Jininka yana nuna abin da lissafina bai nuna ba. In na rubuta ƙaramar lamba, sallamarka za su yi, kuma ina tsoron abin da zai biyo baya. Ina ka kwana ranar Litinin?"

Ya ce, "'Yata, shekara talatin da ɗaya ina garin nan. Na saukar da baƙi a gidana, na aurar da 'ya'yan mutane. A gida kowa ya san ina da muhalli a Abijan. Yanzu in buɗe baki in ce a cikin ƙarafa nake kwana?"

Ya ce ba rashin hali kaɗai ba ne. Ɗakin ne ya gagare shi zama bayan ta. In ya shiga sai ya ga inda take ajiye takalmi. A shago aƙalla akwai hayaniyar mutane har dare, da asuba kuma masallaci yana kusa.

Na buɗe littafin muka fara daga farko. Ranar Litinin an yi ruwa, gari ya yi sanyi, bai cire rigar ba, da ita ya kwana, kuma a ɓangaren dama yake kwanciya. Sai da ya yi aman safiyar Talata ya canza riga, ya ji abin a aljihu, ya jefa durowa. Na fito da awo na ce ya nuna mini a kan gadon. Ya nuna: kansa wajen katanga, ƙafafunsa wajen ƙofa, teburin daidai ƙugunsa, in ya miƙa hannu yana taɓa durowar. Dare shida aka yi yana kwana a haka. Kwana biyu daga ciki ma zazzaɓi bai bar shi ya fito benci ba, a kwance ya yini, ƙofa a saye.

Na ce, "Ba wanda ya leƙo ka?"

Ya ce, "An yi sallama daga waje, na ce ina lafiya."

Na koma ofis na sake lissafi. Sa'o'i biyar na aljihu sun zama kusan goma sha takwas. Nisan da na sa na benci ya koma tsawon hannu. Lambar ta fito tsakanin gire uku da huɗu, kuma ta yi daidai da takardun Dakta Yao. Mai wannan lambar, in ba a kula da shi ba, yana tsakanin rai da mutuwa. In an killace shi da wuri, an ba shi jini da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ana sa ran ya tashi.

Safiyar Juma'a na ajiye rahoton gaban Musiye Aka. Ya karanta shafin ƙarshe sau biyu. Ya ce, "Kin tabbata? Ba wanda ya duba miki."

Na ce, "Jininsa ya duba mini, Patron."

Ya sa hannu, ya ɗauki waya da kansa ya nemi gado a babban asibiti.

Ni na gaya wa Malam Ubale. Na faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: makonni masu wuya suna tafe, gashinsa zai zube, za a sa shi ɗaki shi kaɗai, ba don yana cutar da kowa ba, sai don kowa yana iya cutar da shi. Ya saurara har na gama. Abin da ya tambaya kawai shi ne, "Maganar kwanan shagon, dole a rubuta?"

Na ce dole, amma da Faransanci, kuma waɗanda za su karanta ba su san shi ba. Ya ce to.

A fom ɗin akwai gurbin da ake jera sunayen waɗanda suka yi sa'a guda ko fiye a kusa da ƙwayar, cikin tazarar mita ɗaya. A rahotannin da muka karanta a kwas, wannan gurbin shi ne mafi ban tsoro: mata, 'ya'ya, maƙwabta, wani lokaci gida guda. A nasa kalma ɗaya na rubuta: babu. A taron ofis aka ce an yi sa'a. Gaskiya ne, an yi sa'a. Amma ni da na rubuta kalmar, na daɗe zaune ina kallonta.

A mako na uku komai ya zo yadda lambar ta faɗa. Gemun ya zube, dasashi ya fara jini, zazzaɓi ya hau. Aka buƙaci jini da yawa. Na je Black Market na sami maƙwabcinsa, wani Alhaji Mudi mai sayar da tsofaffin injinan ɗinki, na yi masa bayani ba tare da na taɓo maganar kwana ba. Shi ne ya taɓo ta.

Ya ce, "Malama, duk layin nan mun san a ciki yake kwana. Mu muka ce wa mai gadi ya kau da kai. In ya ce mana zai tafi gida, sai mu ce a gaida gida. Mun ɗauka rufin asiri muke yi masa."

Na ce, "Me ya sa ba ku gaya mini ba ranar da muka zo?"

Ya ce, "Nisan shaguna kika tambaye mu."

Bayan sallar Juma'a ya yi shela a masallaci. Mutane suka zo ba da jini, fiye da yadda na zata. Amma ɗakin ba a shiga sai da hula da takunkumi da riga ta musamman, kuma har lokacin da yawa suna tsoro. Sukan tsaya bayan gilashi su ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga, su tafi.

Aikina ya ƙare ranar da aka sa hannu a rahoto, amma kullum in na tashi daga ofis sai in bi ta asibitin, in sa kayan in shiga. Na gaya wa kaina cewa takardun jini nake bi don in ga ko lambata ta tsaya. Da akwai wannan. Wani lokaci yakan ba ni labarin yadda suka zo da Baraka a bayan motar goro, wani lokaci ba ya iya magana, sai in zauna kawai. Wata rana na miƙe zan tafi, ya ce, "'Yata, ke ma gidan ba kowa, ko?"

Na ce babu.

Ya ce, "To zauna har a kira magariba."

Na zauna.

A mako na shida fararen ƙwayoyin suka fara hawa. A mako na bakwai amsar malamina ta iso ta faks, layi uku: ya yi tafiya ne, lissafin farko daidai yake da bayanan da na ba shi, amma bai dace da jinin ba, in sake tambayar mara lafiyar. Na sa takardar a fayil.

Ɓargo ya farfaɗo, amma cinyar ba ta farfaɗo ba. Likitoci sun yi ta fama da ita wata da watanni, naman yana ci gaba da mutuwa daga ciki, daga ƙarshe aka cire ƙafar. A lokacin ne ya yarda aka aika wa 'yarsa. Mijinta ya zo ya tafi da shi. Na raka su tashar mota a Adjamé da hantsi, na ba shi takarda mai bayanin abin da ya same shi da lambar da na ƙiyasta, don likitocin can. Ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirji, ya sa mini albarka, aka ɗaga shi aka shigar. Ya yi wasu shekaru a gida wurin 'yarsa. Alhaji Mudi ne ya kawo mini labarin rasuwarsa, har ofis.

Haɗarin da na karanto bai taɓa faruwa a nan ba, kuma ina roƙon Allah kada ya faru. Amma abin da zan bar muku shi ne wannan. Ƙarfin ƙwaya yana takarda, nisa yana awo, waɗannan ba sa wahala. Lokaci shi ne ke hannun mutum, kuma mutum yana da abin da yake karewa wanda a wurinsa ya fi lafiyarsa. Ma'aikaci zai ɓoye cewa ya bar bajonsa a mota, don kada a kore shi. Wani zai rage sa'o'i don kada a rufe masa shago. Malam Ubale mutuncinsa yake karewa, kuma saura kaɗan in sa hannu a lambar da za ta mai da shi kasuwa ya mutu. Ba ƙarya ce ta kusa kashe shi ba, tambayoyina ne, don duk a kan ƙwayar na yi su, ban yi ko ɗaya a kan mutumin ba.

Yawancin ranakunku sifili za ku riƙa rubutawa, ba wanda zai san kun zo aiki. Wata rana za a kira ku, kuma mai yiwuwa ku ma ba za ku sami wanda zai duba muku lissafi ba. In jini da baki suka saɓa, ku bi jini, amma ku koma wurin mai bakin. Kada ku fara da tambayarsa ƙarfe nawa. Ku tambaye shi ina ya kwana, wa ya ba shi abinci. Kuma kafin ku tambaya, ku rufe ƙofa.